Shihi zai maye gurbin tazargade?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Surukata ta zo Umra daga Katsina, zazzaɓi ya kama ta, ta ce a nemo mata tazargade. Mai kayan ƙamshi a titin Shari'a Mansur ya ba ni shihi, ya ce duk ɗaya ne. In dafa mata? Daga wata mai karatu a Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Mai shagon bai yi nisa da gaskiya ba, shihi da tazargade 'yan gida ɗaya ne, jinsin da masana ke kira Artemisia, kuma babban danginsu ya haɗa har da shuwaka da latas. Sai dai dangi daban, aiki daban.

Shihi ɗan guntun tsiro ne na daji, da ƙyar yake kai gwiwa. Ganyensa toka-toka ne mai laushi, ga ɗaci, ga ƙamshi mai hawa kai. Ya fi yawa a arewacin ƙasar nan ta Saudiyya, wajen Ha'il da Tabuk da Jauf. Rani ba ya kashe shi, bushewa yake yi ya jira ruwa ya sake tohowa, furensa kuwa ƙanana ne ƙwarai, sai kin duƙa za ki gan su. Larabawan ƙauye suna jefa shi a shayi saboda kumburin ciki da tsutsar ciki, suna turara ɗaki da shi, raƙuma da tumaki kuma su yi kiwonsa. Ni kaina ina son ɗan reshe guda a shayi lokacin sanyi.

To amma zazzaɓin wanda ya taso daga gida Najeriya, a fara zargin cizon sauro. Sinadarin artemisinin, tushen magungunan zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem, daga wani ɗan'uwansu na ƙasar Sin aka samo shi, aikin da ya sa Tu Youyou, wata masaniyar kimiyya ta ƙasar Sin, ta samu kyautar Nobel a 2015. Shihi ba shi ne wannan ganye ba. Ko ganyen na Sin ɗin ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dogara da jiƙonsa ba.

Ki kai Hajiya a gwada jininta yau, kada a kwana. In ta nace sai ta sha ɗaci (na san halin iyayenmu), ki bari sai likita ya gan ta, sannan ki tambaye shi ko ɗan kaɗan a shayi zai yiwu. Yawansa na iya jawo jiri har da jijjiga, mai juna biyu kuma kada ta kusance shi.