Tambaya da Amsa: Yadda Ake Tsara Kawunan Fesa Ruwa a Filin Ciyawar Gida

Tambaya: Ina da filin ciyawa a gida, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 8. Ina so in binne bututu in kafa na'urar fesa ruwa. Kawunan feshi nawa zan saya, kuma a ina zan kafa su?

Amsa: Malam, kafin ka sayi kai ko ɗaya, ka fara sanin yawan ruwan da famfonka yake bayarwa, domin shi ne zai yanke hukunci kan duk abin da zai biyo baya. Ka rufe sauran famfunan gidan, ka buɗe na waje gaba ɗaya, ka tara bokiti mai cin lita 10 kana duba agogo. Idan ya cika cikin daƙiƙa 20, kana da lita 30 a minti ɗaya ke nan. Sannan ka ɗaura ma'aunin matsi a bakin famfon: kawunan da ke fesawa a tsaye suna aiki daidai a matsin wajen bar 2 (bar shi ne awon matsin ruwa), masu juyawa kuwa sun fi son wajen bar 3.

Fili kamar naka kawunan tsaye masu jefa ruwa mita 4 ne suka dace da shi. Ƙa'idar da mutane suka fi karyawa, saboda son rage kuɗi, ita ce dole ruwan kowane kai ya kai har gindin maƙwabcinsa. Dalili kuwa shi ne ruwan da kai ɗaya yake zubarwa ba ya sauka daidai a duk da'irarsa, sai wani ya cike masa giɓi. In ba haka ba, za ka ga busassun tabo a tsakiyar kore. Ka fara da kusurwoyi huɗu da kawuna masu fesa kwatan da'ira, ka sa shida masu rabin da'ira a gefuna, tazarar mita 4 tsakaninsu, sannan biyu masu cikakkiyar da'ira a tsakiya. Jimilla 12.

A nan ne lissafin bokiti yake amfani. A ce takardar kamfani ta nuna cikakken kai yana shan lita 12 a minti, rabi 6, kwata 3. Kawunanka gaba ɗaya za su nemi lita 72, alhali famfonka 30 yake bayarwa, kuma ni ba na yarda a ci fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan, wato lita 24 a minti. Saboda haka ka raba filin shiyya uku, kowace da bawul ɗinta (makunnin buɗewa da rufe ruwa) da lita 24, suna sha ɗaya bayan ɗaya. Kada ka haɗa kan tsaye da mai juyawa a shiyya ɗaya, domin na tsaye yana zubar da ruwa ninki biyu ko uku.

Ka binne bututun zurfin santimita 20 zuwa 30, kuma ka sa bawul mai hana ruwa komawa baya, don kada taki da dattin fili su shiga ruwan shanku. Kafin ka cike ramukan, ka jera gwangwanaye iri ɗaya a kan ciyawar, ka kunna kowace shiyya minti 15. Inda gwangwani ya tara ruwa kaɗan, ka matsar da kai ko ka canza bakinsa tun ƙasa tana buɗe.