Hoton tauraron ɗan'adam a kan akirilik: ya dace da falo?

Malama, kin tambaya ko hoton duniya da tauraron ɗan'adam ya ɗauka zai yi kyau a bango idan an manna shi bayan akirilik, wato robar nan mai kama da gilashi. Ƙwarai kuwa, launi yana fitowa raɗau.

Ni na fi son Idon Sahara da ke Muritaniya: duwatsu ne a hamada da suka yi da'irori cikin da'irori, faɗin kusan kilomita 40, sai ka ce faifai. Hotunan taurarin ɗan'adam na Amurka masu suna Landsat, da aka fara ɗauka tun 1972, kyauta ne, sai dai ki nemi babban fayil, ƙarami dishi-dishi yake fita.

Amma don Allah, kada ki goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, kartar fuskar akirilik ɗin yake yi. Ki fara kaɗe ta, sannan ki bi da ƙyalle mai laushi, ɗan jiƙaƙƙe.