Tambaya da Amsa: Wane babur ya dace da doguwar tafiya, kuma me zan fara sauyawa a jikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina hawa Boxer 150, yanzu ina son babban babur da zan riƙa yin doguwar tafiya da shi, ni da maiɗakina, zuwa Jos, Yankari, wani lokaci har Damagaram. An nuna mini tokumbo guda uku: Suzuki V-Strom 650, Yamaha Ténéré 700 da BMW R1200GS. Ni ba dogo ba ne. Wanne zan ɗauka? Sannan abokaina sun ce in fara da sauya salansa da ƙara fitilu. Mai karatu daga Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. V-Strom zan ce ka ɗauka, kuma ga dalilina.

Ténéré 700, wanda Yamaha ta fitar a 2019 ta raɗa masa sunan hamadar nan ta Nijar, babur ne na burji da rairayi. Tayar gabansa inci 21 ce, shi ya sa ba ya tsoron rami, nauyinsa kuma bai fi kilo 205 ba. Ina ƙaunarsa ƙwarai. Sai dai tsayin kujerarsa ya kai santimita 87, ga ta siririya, tankinsa lita 16 ne kawai. Kai da ka ce ba dogo ba ne, ka ɗora goyo da kaya, ka tsaya a shingen jami'an tsaro da yatsun ƙafa kaɗai a ƙasa, ba zan so maka haka ba. Maiɗakinka ma kafin ku kai Jos za ta nemi a tsaya.

BMW kuwa, a daɗin kwalta duk cikinsu babu kamarsa. Injinsa cc 1,170 ne, ba ya amfani da kaca, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya, don haka ba ruwanka da shafa mai ko ɗaure kaca. Amma ya kusa kilo 240 tun kafin ka ɗora komai, kuma in wutarsa ta rikice sai an jona shi da kwamfuta. Ka tambayi kanka wane bakanike ne zai taɓa maka shi a Ningi ko Matamai, kuma makonni nawa za ka jira kayan gyaransa.

V-Strom yana tsakiya. Injinsa cc 645 ne mai silinda biyu, tun 2004 ake ƙera shi kuma an san shi da juriya. Tankinsa ba ya gaza lita 20, kujerarsa ta fi ta Ténéré kusa da ƙasa, ta fi ta faɗi. Tayar gabansa inci 19 ce, ta ishe ka kwalta mai ramuka da burji mai sauƙi. Tayoyinsa ba su da tiyub, in ƙusa ta shige ka sai ka zare ta, ka cusa igiyar faci, ka ba da iska, ba tare da ka kwance taya ba.

Batun salansa, ka bar wadda ya zo da ita. Ƙarar da ke burge mutane a bakin titi ita za ta sa maka ciwon kai bayan awa uku a hanya, kuma sauya salansa yana iya ɓata daidaiton mai da iska a inji. Kuɗin nan ka fara kai su ga ƙarafunan kare inji na gefe da farantin ƙarfe mai kare ƙarƙashin inji. Wannan na biyun dole ne a V-Strom, domin matatar baƙin mansa a fili take a gaban inji, daidai inda tayar gaba ke watso tsakuwa. Dutse ɗaya ya huda ta, tafiya ta ƙare a nan.

Daga nan sai kujera. Mai ɗinkin kujerun mota zai iya sa muku soso mai tauri ya faɗaɗa wurin goyo. Kada ka yarda da soso mai laushi, yana lotsewa ya bar ka a kan roba. Gilashin gaba kuma ka gwada shi a guje kafin ka biya, in iska na dukan hular kwanonka tana girgiza maka kai, tsayinsa bai dace da kai ba.

Kaya masu nauyi, irin su sifanu da ruwa, su shiga akwatunan gefe, can ƙasa, ka daidaita nauyin hagu da dama. Akwatin baya na sama tufafi kawai za ka sa, in ka cika shi gaban babur zai yi shawagi. Duk ranar da za ku hau ku biyu, ka ƙara taurin shok na baya, V-Strom yana da abin murɗawa a gefe don haka, ka kuma ƙara iskar taya yadda aka rubuta a jikin babur.

Fitilu suna da amfani a hazon hunturu, amma a jawo musu wuta daga batir ta fis da rile (makunnin da ke sakar musu wuta) nasu na kansu, kada a yanka wayoyin asali, kuma ka sunkuyar da su don kada su kashe idon mai tahowa. Kafin ka biya kuɗin babur ɗin, ka je da maiɗakinka ku hau tare, sannan ka duba takardun kwastan ka ga lambar firam ta yi daidai da wadda ke jiki.