Tambayi likita: tseren keke, tiramol da zafin Katsina

Assalamu alaikum. Satin nan saƙonnin masu keke ne suka cika min waya, da alama samarin nan da ake gani bayan asuba a hanyar Daura da 'yan riguna masu kama jiki sun fara yin mabiya. Tambayoyin da suka yi kama da juna na haɗe su wuri ɗaya.

Wani matashi daga Ƙofar Ƙaura: Slm likita, mu shida ne muna atisaye muna so mu yi tsere Katsina zuwa Daura mu dawo. Wani abokinmu ya ce in na sha tiramol ɗari biyu kafin mu tashi ba zan ji gajiya ba, wai turawa ma sha suke. Mi gaskiyar maganar?

Ƙanena gaskiyar maganar abokinka zai kai ka ya baro. Tiramol ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan, ciwo kawai yake ɓoyewa, gajiyar tana nan ba ka dai jinta, ga jiri ga gyangyaɗi, kuma babbar matsalarsa jijjiga irin ta farfaɗiya musamman masu miligiram 200 da 225 ɗin nan na kasuwa, don wanda muke rubutawa a asibiti 50 ne ko 100. To ka ɗauka jijjigar ta zo maka kana gudu a gefen titi wajen Mashi ga tirela a bayanka. Zancen turawa kuma, eh wasu sun sha, shi ya sa hukumar tseren keke ta duniya UCI ta haramta shi a gasa tun 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya WADA ta bi baya a 2024. Nairo Quintana ɗan Kolombiya na shida ya zo a babban tseren keken Faransa Tour de France na 2022, aka samu tiramol a jininsa aka soke sakamakon gaba ɗaya. Tun kafin nan akwai Tom Simpson ɗan Ingila da ya faɗi ya mutu yana hawan dutsen Ventoux a Faransa a 1967, shekararsa 29, ana tsananin zafi, an samu ƙwayar ƙara kuzari ta amfetamin a jikinsa. Wanda ke hawa keke a matsayin sana'a kenan fa. Kuma kar ka ce bari ka koma diklofenak ko ibufurofen, shansu jiki ba ruwa ana ta zufa yana taɓa ƙoda.

Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160, wannan ba tafiyar wanda ya fara jiya ba ce. Ku riƙa ƙara nisa kaɗan kaɗan, kamar kashi 10 cikin ɗari a sati, yawancin atisayen a gudun da za ka iya hira da na kusa da kai, gudu mai tsanani sau ɗaya ko biyu a sati ya isa, a bar kwana ɗaya ko biyu na hutu. Ranar da kuka iya kilomita 60 kuka sauka da sauran ƙarfi sai ku yi maganar zuwa Daura, dawowar ku hau mota ba abin kunya ba ne.

Daga Daura: Likita in na yi awa biyu bisa keke sai ƙafafuna su ɗaure, kaina ya yi ta sarawa, fitsari ya yi ja kamar shayi. Ko shawara ce?

Malam da wuya shawara ce, ya fi kama da ƙarancin ruwa, amma akwai abin da zan ja kunnenka a kai. A bazara, Maris zuwa Mayu, zafinmu yana wuce digiri 40, mai tuƙa keke da ƙarfi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na zufa a awa guda, kuma da yake iska na busar da ita ba ka ma sanin ta fita. Ledar fiya wata rabin lita ce, ka sha leda ɗaya ko biyu duk awa, a riƙa kurɓa ba sai ƙishi ya kama ba. In tafiyar ta wuce awa ɗaya da rabi ruwa zalla bai isa ba tunda gishiri ma yana fita, sai ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin na gudawa, lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ka sayi na leda a kemis. Ka sa dabino ko ayaba a aljihu ka riƙa ci duk rabin awa. In kana da sikeli ka hau kafin fita da bayan dawowa, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Ɗaurewar ƙafa kuwa sau da yawa gajiyar tsoka ce, an tura ta inda ba ta saba ba.

Jan kunnen shi ne, in ka sha ruwa sosai fitsarin bai washe ba, ya koma baƙi baƙi kamar lemon kwalba ga cinyoyi na ciwo mai tsanani, ka je asibiti ranar, yana iya zama tsoka ce ke narkewa tana toshe ƙoda. Kuma ka san jininka, mai AS yana hawa keke lafiya lau amma tsananin gudu cikin zafi ba ruwa ya fi masa haɗari, mai sikila SS kuma kar ya shiga tsere sai likitansa ya amince. In abokin tafiya ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, a sauke shi a inuwa a sheƙa masa ruwa a yi ta fifita a nemi mota, ba a jira ya wartsake. Ku fita bayan sallar asuba ku dawo kafin ƙarfe goma, ni dai ban ga dalilin hawa keke da azahar a garin nan ba.

Wani bai faɗi unguwarsa ba: Likita dan Allah a sakaya sunana. In na daɗe kan keke gabana yakan yi minjirya kamar ba a jikina yake ba, kuma aurena ya kusa, mutane na cewa keke na kashe namiji.

Ango kwantar da hankalinka. Akwai jijiya da hanyar jini da suka bi ta tsakanin dubura da 'ya'yan maraina, sirdi ne ke danne su. Matsalar sirdi ce da yadda aka ɗaura shi. Ka sa ya kwanta daidai kar hancinsa ya ɗaga sama, ka nemi mai faɗin da ƙasusuwan zamanka za su hau kai, in ka samu mai tsaga a tsakiya ya fi, ka sa wando mai soso, duk minti goma ka miƙe kan feda na ɗan lokaci. Tsayin sirdi kuma, ka ɗora dunduniya kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai, nan ne daidai, wannan ma shi ke maganin ciwon gaban gwiwa da wasu biyu suka tambaya, tare da daina tura giya mai nauyi. In minjiryar ba ta tafi bayan ka sauka ba ko ta kwana, ka ajiye keken ka zo a duba ka.

Wani Alhaji daga Ƙofar Marusa, shekara 52, yana shan maganin hawan jini, yana so ya bi yaran.

Alhaji keke na cikin abin da muke so mai hawan jini ya yi, minti 150 a sati shi ne abin da hukumar lafiya ta duniya ke cewa, kuma bai wahalar da gwiwa kamar gudu. Amma ranka ya daɗe bin 'yan shekara ashirin a tsere daban. A fara auna jinin, in ya kai 180 bisa 110 ba hawa sai ya sauka, a yi gwajin zuciya da na sukari, kar a daina magani don an fara keke. In maganin naka mai sa fitsari ne ka ƙara kula da ruwa. Ciwon ƙirji, numfashi sama sama da bai dace da gudun ba, ko jiri, a tsaya nan take.

Masu tambayar azumi, ku yi mai sauƙi minti 30 zuwa 45 dab da shan ruwa, mai nauyin bayan tarawihi da fitila gaba da baya. Mai asma kuma lokacin hunturu ya fita da abin shaƙarsa, ranar da hazo ya yi yawa ya haƙura.

Daga Dutsin-ma: Likita na faɗi da keken hawa dutse gwiwa da kafaɗa sun goge, mai faci ya zuba min man birki, ya yi daidai?

Bai yi ba ɗana, man birki guba ne ga nama, zafin da ka ji ƙuna ce ba warkewa ba. Ka wanke da ruwa mai tsabta da sabulu har yashin ya fita duka, a rufe da bandeji mai tsabta, in ka daɗe ba ka yi allurar tetanus ba ko ba ka tuna yaushe ka yi ba ka je a yi maka. In ba ka iya ɗaga hannun a ɗauki hoton kafaɗar, ƙashin wuya na cikin waɗanda suka fi karyewa ga masu keke. Ka kuma san inda kake shiga, dajin yankinku ba ko'ina ake zuwa ba yanzu, kar ka tafi kai kaɗai. Ba ka ce min ko kanka ya bugu ba, kuma ina zargin ba hular kwano a kanka. In ya bugu, ka fara amai ko barci mai nauyi ko ciwon kan na ƙaruwa, ko ka manta yadda faɗuwar ta auku, a kai ka asibiti yau ɗin nan ko da dare ne.