Tambaya da Amsa: Tiren Nama da Cuku Don Tarbar Baƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Dangin maigidana kusan mutum goma za su zo mana wuni bayan Sallah. Ina ganin hotunan wani katako da ake jera nama da cuku da 'ya'yan itace a kai a Instagram, ina so in yi irinsa kafin a kawo abinci. Me zan saya, kuma nawa? Daga wata uwargida, Ƙofar Kaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kike gani sunansa sharkutari, kalmar Faransanci ce da asalinta ke nufin dafaffen nama, kuma a can Faransa yawancin abin da ake jerawa naman alade ne da aka adana da gishiri ko hayaƙi. Saboda haka kada ki bi hoton sau da ƙafa. Tsarin za ki ɗauka, kayan kuma muna da namu, don kilishi shi ma naman da aka adana ne da rana da wuta da yaji.

Tun da akwai abinci a baya, ki lissafa wa kowane baƙo nama gram 60 da cuku gram 50. Na mutum goma ke nan nama gram 600: kilishi gram 250, dambun nama gram 100, balangu ko gasasshiyar kaza gram 250. Kada ki ga kilishin kamar ya yi kaɗan a sikeli, ba shi da nauyi amma yana da auki, kuma yana cika ido a tire. Cuku rabin kilo ya isa, ki raba shi kashi uku: wara ta nonon shanu da za ki soya, busasshen cukun Nijar mai faɗi kamar takarda, sai ɗaya na kanti mai ɗan tauri irin cheddar ko gouda. Abin rakiya kuma dabino, soyayyar gyaɗa ko yazawa, kokwamba biyu, albasa ɗaya, inabi in kin samu, da burodi ko biskit marar zaƙi. Zuma da yajin ƙuli kowanne a ƙaramin kwano.

Wajen jeri, kwanonin nan ake fara ajiyewa, nesa da juna, su ne ginshiƙi. Dambu ma kwanonsa daban, in kin zuba shi a fili fanka kaɗai za ta watsa shi cikin zuma. Daga nan cuku, kowane iri a kusurwarsa. Sai nama. Kilishi da almakashi ake yanka shi, faɗin yatsa biyu, tsawon yatsa ɗaya, a jingina shi tsaitsaye yana hawa kan juna. In kika yaga da hannu labun da ke jikinsa zai zube, a bar ki da gari. Gyaɗa da dabino su ne na ƙarshe, da su ake cike gurbin da ya rage.

Abin da ya fi ɓata irin wannan tire shi ne haɗa jiƙaƙƙe da busasshe. Kokwamba da tumatir da kankana suna fitar da ruwa, musamman in gishiri ya taɓa su, kuma kilishi da biskit suna shan ruwan nan take, kafin minti 20 sun yi lagwas. Ki tsane yankakkiyar kokwamba da tsumma mai tsabta, ki sa ta gefe guda, ki yi mata katanga da dabino ko cuku mai tauri. Kankana kuwa a ba ta farantinta. Balangu shi ne ƙarshen hawa, da ɗuminsa, a kan 'yar takarda mai shan mai, domin kitsen rago in ya huce daskarewa yake ya yi fari, ba mai sha'awar ɗauka.

Mutum goma, gara tire biyu madaidaita da guda ɗaya ƙato, tunda da wuya maza da mata su zauna wuri ɗaya. Ki ajiye tsinken sakace da ƙaramin cokali a kowane kwano. Kuma ki sa wani na gida ya fara ɗauka, don surukai in suka ga abu a jere tsaf kunya ba za ta bar su su rushe shi ba, sai su yi ta yabawa har ya koma kicin yadda ya fito.

Tambaya: Ni ba ni da katakon da ake yi da shi, kuma nan Daura zafi ake yi sosai, ga wuta ba tabbas. Na taɓa gwadawa cukun ya yi gumi ya narke. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu, Daura.

Amsa: 'Yar uwa, katako ba dole ba ne. Babban tiren silba ya wadatar, ko faifai mai faɗi in kin shimfiɗa takardar gashi a kai don kada mai ya shiga kabar. Wanda bai dace ba shi ne katakon da kike yanka ɗanyen nama a kai, komai wankin da ya sha, saboda sawun wuƙa yana riƙe ƙwayoyin cuta.

Gumin da kika gani man cukun ne ya fito saboda zafi. Shawarar a fitar da cuku daga firji awa guda kafin ci ta ƙasashen sanyi ce. A bazarar nan tamu, daga Maris zuwa Mayu, da zafi kan kai digiri 40, kwata ɗin awa ya isa. Ki yanka shi tun yana da sanyi, ƙanana kamar ƙwayar suga, kada ki yi shi siriri don siririn ne ke saurin narkewa. Ƙa'idar lafiyar abinci ita ce nama dafaffe da cuku mai laushi kada su wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1 kacal. Saboda haka ki fito da rabi, ki bar rabi a kula da ƙanƙara, ki riƙa ƙarawa.

In babu wuta sam, ki bar cukun kanti, ki dogara da cukun Nijar, wanda dama don zaman sahara aka busar da shi. Ki ɗan gasa shi a busasshen kasko minti ɗaya ko biyu kowane gefe har ya yi ƙamshi, ki kakkarya. Da shayi ake cinsa a can, kuma da dabino yana tafiya sosai. Wara kuwa ranar za a saya, a matse ruwan, a barbaɗa gishiri, a soya har bayanta ya yi ja. In kin ji tana tsami ko tana yauƙi a hannu, ta wuce. Da hunturu matsalar juyawa take: iska na busar da gefen cuku ya tsattsage, kilishi ya yi ƙaras yana karyewa, ga ƙura. Ki rufe tiren da leda ko murfin raga har baƙi su zauna.

Tambaya: Na ga ana sayar da salami a manyan kantuna. Ya halatta in sa? Daga wani magidanci, Ƙofar Marusa.

Amsa: Malam, salami niƙaƙƙen nama ne da ake ɗurawa cikin hanji a busar. Na asali daga Italiya yake kuma galibi naman alade ne, amma ana yin na shanu da na talotalo. Ka karanta jerin kayan haɗin da ke bayan ledar, kada ka tsaya ga sunan gaba, domin wani ana haɗa naman shanu da kitsen alade. Ka nemi tambarin halal da ranar ƙarewar wa'adi. In an buɗe ledar ko an yanka maka a kanti, a cinye cikin kwana 3 zuwa 5, yana cikin firji.