Tambaya da Amsa: Giyabos mai canja giya a robot ɗin gasar ɗalibai

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare da ke Tudun Wada, Kaduna. Yarana suna haɗa robot mai taya shida wanda zai kai kilo 60 da batir, da moto huɗu samfurin CIM, a kan tsarin FIRST, gasar robot ta ɗalibai da ta samo asali daga Amurka, rukunin manyan robot. Sun nace sai mun sayi giyabos mai giya biyu, ta gudu da ta ƙarfi. Kuɗinmu kaɗan ne. Dole ne?

Amsa: Malam, ba dole ba ne, kuma kafin a taɓa ko sisi a sa yaran su zauna da biro da takarda. Lissafin bai fi na aji huɗu ba.

Moto CIM, idan aka ba shi volt 12 babu kaya a kansa, yana juyawa kusan sau 5,330 a minti, wato sau 89 a daƙiƙa. Taya mai inci 6 tana cin santimita 48 a juyi ɗaya. Da za a ɗaura tayar kai tsaye a bakin moton, da ta yi gudun mita 42 a daƙiƙa, amma ba ta da ƙarfin da za ta motsa ko kujera. Aikin giyabos ke nan: ya rage gudu ya ƙara ƙarfin murɗawa. Idan aka rage da 8.5 zuwa 1, gudun ya dawo mita 5 a daƙiƙa a takarda, a ƙasa kuma ku sa ran kamar kashi 80 cikin ɗari na wannan, saboda gogayyar haƙora da boris da nauyin robot ɗin. A filin FIRST mai tsawon mita 16 da ɗoriya, wannan gudu ne mai kyau.

Matsalar tana fitowa ne ranar da robot ɗinku ya haɗa ƙirji da wani suna ture juna. Kilo 60 a kan taya mai kama kafet sosai yana buƙatar turi na kusan nyuton 650 kafin tayar ta fara sulɓewa. A giyar 8.5, kowane moto sai ya nemi amfiya kusan 90 kafin ya ba da wannan ƙarfi. Huɗu ke nan, sama da amfiya 350, daga batir ɗaya mai volt 12, alhali babban bireka na amfiya 120 ne, na kowane moto kuma 40. Birekan ba ya yankewa nan take, sai ya yi zafi tukuna. Abin da ke riga faruwa shi ne wutar batir ta faɗi ƙasa da volt 7, kwamfutar robot ɗin ta yanke wa motoci wuta don ta ceci kanta, robot ya tsaya yana karkarwa a tsakiyar fili. Idan kuwa aka rage da kusan 20 zuwa 1, tayar za ta sulɓe tun kowane moto yana shan amfiya 40, ba abin da zai ƙone, sai dai gudun bai wuce mita 2 a daƙiƙa ba. Giyabos mai canji yana ba ku biyun a jiki ɗaya. Gaskiyar yaranku ke nan, kuma ba su yi ƙarya ba.

Sai dai akwai hanya mai arha. Ku ɗauki giya ɗaya ta tsakiya, kamar 10.71 zuwa 1 da ke cikin Toughbox Mini na kamfanin AndyMark, wadda za ta ba ku kusan mita 4 a takarda, sannan ku ƙayyade wa kowane moto amfiya 40 zuwa 50 a cikin manhaja, idan na'urar da ke sarrafa moton tana da wannan dama. Ba za ku ture kowa daga fili ba, amma ba za ku mutu a tsaye ba. Giyabos mai canji guda biyu, na dama da na hagu, ɗaruruwan daloli ne tun kafin kuɗin jirgi da na kwastam, kuma ba su kaɗai za ku saya ba, tunda galibi matsin iska ne ke canja giyar: akwai kwamfuresa, tankin iska, bawul, silinda da tiyo, ga ƙarin nauyi. A ganinmu, ƙungiyar da ke shekararta ta farko ko ta biyu ta fi cin ribar batir biyu na ƙari da kafet ɗin atisaye a kan giya ta biyu. Direban da ya yi mako uku yana tuƙi a giya ɗaya ya fi wanda aka miƙa wa giya biyu ana gobe gasa. Ko a Amurka ma kasuwar waɗannan giyabos ta ja baya tun da motoci marasa burushi irin NEO da Kraken suka yaɗu, manyan ƙungiyoyi kuma suka koma tsarin da kowace taya ke juya kanta ta fuskanci inda ake so.

Tambaya: Mu ɗaliban injiniya ne, mun riga mun yanke shawarar saye. Muna ganin iri biyu a kasuwa, dog shifter da ball shifter. Wanne ya fi, kuma me za mu duba kafin mu biya?

Amsa: A dukkansu haƙoran giya a sarƙe suke koyaushe, ba a zare wata giya a cusa wata. A kan sandar fita akwai giya biyu da ke yawo a sake a kan boris, abin da ake canjawa shi ne wacce za a kulle da sandar. A na farkon, wani ɗan ƙarfe mai haƙora uku ko huɗu a kowace fuska ne ke zamewa dama ko hagu ya faɗa cikin ramukan da ke gefen giyar. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin injin babur a wajen bakanike ya ga irin wannan tsari. A na biyun, sandar rami gare ta, wani ɗan sanda a ciki yana tura ƙananan ƙwallayen ƙarfe waje su shige cikin giyar da ake so. Mai ƙwallaye ya fi saurin kamawa da laushi, mai haƙora ya fi sauƙin ganewa da gyarawa, kuma idan ya ci za ku gani da ido. Ga wanda ke Kaduna, inda kayan gyara sai sun yi makonni a hanya, mun fi karkata ga mai haƙora.

Kafin biya, ku fara da tazarar da ke tsakanin giyoyin biyu. Tsakanin ninki 2 zuwa 3 ya wadatar. Idan ta yi faɗi da yawa, saukowa daga giyar gudu zuwa ta ƙarfi yana fizgar robot kamar an taka birki, dogon robot har ya kan yi tangal-tangal. Ku tabbatar ƙaramar giyar bakin moto ta dace da motonku: sandar CIM milimita 8 ce mai makulli na milimita 2, wasu sabbin motoci kuwa sandarsu mai tsage-tsage ce, giyar wannan ba ta shiga wancan. Ku karanta jerin abin da ke cikin kwali, domin sau da yawa silindar iska da ƙaramar giyar daban ake sayar da su, mutum ya buɗe kaya ya tarar babu abin da zai canja giyar. Kuma tun a odar farko ku haɗa da ɗan ƙarfen kullewa guda na ƙari, da boris biyu, da zobban da ke riƙe giyar bakin moto. Su ne ke fara lalacewa, kuma ba su da nauyi a awo.

Wajen haɗawa, bawul ɗaya ya ciyar da silinda biyun ta mahaɗa mai baki uku, tiyon dama da na hagu tsawonsu ɗaya. Idan gefe ɗaya ya riga canjawa, robot zai yi kwana ba da izinin direba ba. Na'urar ƙirga juyi kuma a ɗaura ta a sandar fita, bayan wurin canji, in ba haka ba lissafin nisan da robot ya yi zai rikice duk lokacin da aka canja giya.

Tambaya: Namu giyabos wani lokaci yana ƙin shiga, sai ya riƙa ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, wani lokaci kuma ya fita da kansa. Mun sa masa servo ne maimakon iska.

Amsa: Servo ɗin, wato ɗan moton lantarki da ke juyawa zuwa kusurwar da aka umarce shi ya tsaya, shi ne wanda ake fara tuhuma. Silindar da aka saba sa wa waɗannan giyabos mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci ce, tafiyarta rabin inci, kuma a matsin iska 60 psi tana turi da ƙarfin kusan kilo 12, nan take. Ƙaramin servo ba ya kusantar wannan. Lokacin da moto ke jan kaya, haƙoran kullewa suna manne da bangon raminsu da ƙarfi, servo ba zai iya zare su ba. Idan kuma ya tura, sai su shiga rabi, gefensu ya riƙa gogewa har ya zama kamar an yi masa fayil. Haƙorin da gefensa ya goge shi ne ke tofar da kansa waje da zarar an taka wuta. Ku buɗe ku duba: idan kusurwoyin sun yi sulɓi suna ƙyalli, sai canji, walda ba ta gyara shi.

Idan servo ya zama dole, a rubuta a manhaja cewa da an danna maɓallin canji a sassauta wa moto wuta na ɗan ƙiftawar ido, a canja, sannan a mayar. Kada a canja giya ana tsakiyar ture-ture. Masu iska kuma su riƙa shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa don gano yoyo, domin matsin da ya faɗi yana haifar da wannan shiga rabi-rabi. Akwai kuma ɗan kusan da ke haɗa silinda da sandar canji, wanda girgiza ke kwancewa. A sa masa Loctite mai shuɗi, gam ɗin da ke hana kusa kwancewa. Giris kaɗan ya isa, a shafa a haƙora kawai. A lokacin hunturu, buɗaɗɗen giyabos da aka cika wa giris yana tara ƙurar Kaduna ta zama abin da ke cin haƙora, don haka a yanka siririyar roba a rufe shi, a wanke da kananzir a sake sabon giris bayan kowane dogon atisaye.

Tambaya: Ba za mu iya ƙera namu a Panteka ba?

Amsa: Za ku iya ƙera rabinsa, kuma rabin da ya fi koyar da ɗalibi. Faranti biyu na alminiyom mai kaurin milimita 6, da sandunan da ke raba su, da mazaunin silinda, duk masu injin feƙe ƙarfe a Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, za su fitar da su, haka ma ɗakin aikin injiniya irin na Kaduna Polytechnic ga wanda ke da hanyar shiga. Giyoyi da ɗan ƙarfen kullewa kuwa a saye su.

Ga tsarin da zai yi wa robot irin na Malamin da ya fara tambaya. Matakin farko, giya mai haƙora 12 a bakin moto tana juya mai 50. Mataki na biyu shi ne na canji: 24 tana juya 60 don ƙarfi, 40 tana juya 44 don gudu. Ku lura 24 da 60 sun ba da 84, haka 40 da 44. Dole jimillar ta zo ɗaya tunda sanduna biyun da ke ɗauke da su ba sa matsawa. Mataki na uku, sarƙa mai rage 2 zuwa 1 zuwa taya. Sakamako: 20.8 a giyar ƙarfi, 9.2 a ta gudu, wato kusan mita 2 da mita 4.6 a daƙiƙa. Giyoyin gasar FIRST galibi masu awon 20 DP ne, wato haƙora 20 a kowane inci ɗaya na faɗin giyar, kuma tazarar tsakiyar sanda zuwa tsakiyar sanda ita ce jimillar haƙora a raba da 40, a inci, a ƙara 0.003. Na 84 ya zama inci 2.103, wato milimita 53.4. A nan aikin hannu ke faɗuwa. Kuskuren rabin milimita ya isa ya sa giya ta ɗaure ta yi zafi, ko ta yi sako-sako ta karya haƙori. A ɗaure farantin biyu tare a huda su lokaci guda, ramin boris kuma a gama shi a kan inji, ba da dirin hannu ba.

Kada ku haɗa giyar babur da waɗannan. Awon haƙoranta na milimita ne, kusurwar haƙorin ma daban, za su yi kamar sun shiga juna amma ba za su daɗe ba. Ga nauyi, ga taurin da ke hana a faɗaɗa raminta cikin sauƙi.

Tambaya: Mu ƙananan robot muke yi, na FIRST Tech Challenge. Wannan magana ta shafe mu?

Amsa: Kusan a'a. Filinku mita 3.66 ne kowane gefe. Moton kamfanin goBILDA mai juyi 312 a minti da taya mai milimita 96 yana ba da kusan mita 1.6 a daƙiƙa, kun ratsa filin cikin daƙiƙa uku, babu inda za ku je da giya ta biyu. Dokar gasar ma ba ta yarda da silindar iska ba. Masu VEX V5, wata gasar ƙananan robot ta daban, su kuma suna zaɓar gudu ne ta launin kwanson giyar da ke cikin moto: ja juyi 100, kore 200, shuɗi 600 a minti. Inda canjin giya ke da amfani a ƙaramin robot shi ne a ari ƙarfin motocin taya a ƙarshen wasa don ɗaga robot ko jan igiya, tunda an ƙayyade yawan motocin da za a sa. Wannan canji ne da ake yi sau ɗaya, robot na tsaye babu kaya a kan haƙora, kuma a nan servo mai giyar ƙarfe ya isa.