Amsa ga ƙanenmu na Jidda: lanƙwasar nan ba kuskure ba ce

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka zana nauyin juyi (moment of inertia) da saurin juyi na Er-158, wato cibiyar atom ɗin erbium-158, layin yana ta hawa lafiya lau, da ya kai sifin (spin, ma'aunin juyin cibiya) 12 zuwa 16 sai ya karyo baya, malaminka kuma ya ce ka share ka sake lissafi. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan a Riyad.

Kada ka share komai. Tun 1971 Johnson da Ryde da Sztarkier suka ga wannan a Istokholm, shekara ta zagayo Stephens da Simon suka bayyana dalili. A ƙaramin sifin niyutiron bibbiyu suke tafiya a haɗe, shi ya sa nauyin juyin yake kusan rabin na daskararren abu. Juyi na ƙaruwa, ƙarfin Coriolis (ƙarfin da juyi ke haifarwa) sai ya raba niyutiron biyu na matakin da ake kira i13/2, su karkato wajen da cibiyar take juyawa. Su ne suke ɗauke wani kaso na sifin, ita cibiyar ta rage gudu. Duba teburinka, za ka tarar ƙarfin gama (hasken da cibiya ke fitarwa in ta sauko mataki) ya ragu daidai wurin alhali sifin na hawa.

Ni nawa malamin a gaban jama'a ya yi mini. Ranar semina ce, ɗakin cike, sanyin na'ura har ƙashi amma gumi ya jiƙe mini jallabiya. Ya tashi daga kujera, ya ɗora jan alƙalami a kan allo daidai lanƙwasar, ya ce ko dai ban iya lissafi ba ko kuma ƙirƙirar lambobi na yi. Ƙirƙira fa! Mutumin da fanninsa kariya daga burbushin nukiliya ne, bai taɓa zama da bakan gama na juyi ba. Ba wanda ya ce uffan. Lokacin iƙamata (takardar izinin zama) ta kusa ƙarewa, kuɗin tallafi kuma sai da sa hannunsa. Daren nan ban runtsa ba, ko mutanen gida ban iya faɗa wa ba. Har yau bai ba ni haƙuri ba, ko da wani farfesa ya nuna masa takardar binciken da ta bayyana lanƙwasar. Na bar shi da Allah.

To, ka ciro matakan ƙarfin cibiyar daga ENSDF, rumbun bayanan tsarin cibiyoyin atom, ka kai wa malaminka a buge a takarda, ba a waya ba. Ka lissafa J(2) ma, wani ma'aunin nauyin juyi, wato 4 a raba da tazarar ƙarfin gama biyu masu bin juna, tunda J(2) bai damu da lambar sifin da ka sa ba. Kuma don Allah kada ka yi masa gardama a gaban mutane, manyan nan ba sa so. Ka sabunta iƙamarka da wuri tun kafin a fara wannan magana.

Ka yi dace da cibiya ma. Er-158 ɗin nan wajen sifin 46 layin juyinta yake ƙarewa, ta bar siffar tsawo ta koma a baje, domin furoton da niyutiron da ke wajen cikakken ɓawon cibiyar duk sun gama karkata. Maƙwabciyarta Dy-152, wato cibiyar dysprosium-152, akasin haka ta yi: a 1986 Peter Twin da mutanensa a Daresbury ta Ingila suka same ta ta miƙe kamar dabino, tsawo ninki biyun faɗi, har sifin 60, gama suna jere da tazarar kusan keV 47 (keV ma'aunin ƙarfi ne). Sai 2002 aka gano hanyar da take saukowa daga wannan siffa zuwa matakanta na yau da kullum, da na'urar Gammasphere a Amurka. Shekara 16 manyan malamai suna nema, amma ɗalibi a ce ya warware komai cikin mako guda.

Kai da kake Jidda, ka leƙa Harami ka yi umara ka huce. Ka turo mini teburin ta akwatin sirri in duba maka bayan isha'i.